Babi na Bakwai: Irin da Ba Ya Ba Mai Gona Kunya

Wanda ya taso daga Suleja ya nufi Minna, in ya wuce Diko da Izom ya haye Kogin Gurara, zai shiga yankin Lambata da Gawu Babangida, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gurara. Ƙasa ce ta doya da dawa da masara da shinkafa, inda Gbagyi da Hausawa da Fulani suke noma gona kusa da gona. Mutane da yawa suna ɗaukar waken suya baƙo ne a nan, wanda ya shigo jiya-jiya tare da gidajen kajin da suka kewaye Abuja. Tarihi bai yarda da haka ba. Tun zamanin Turawa, lokacin da Suleja take amsa sunan Abuja, ƙasar nan tana cikin wurare ƙalilan da aka noma waken suya don sayarwa, tare da ƙasar Tibi a Binuwai da yankin Zonkwa a kudancin Zariya. Don haka tambayar wane iri ne ya dace da wannan ƙasa tsohuwa ce, ta girme yawancin masu yin ta a yau.

An fara gwada waken suya a Najeriya a 1908, a Ibadan, bai yi ba. Sai a 1937 aka shigo da wani iri da aka sa wa suna Malayan, shi ne ya karɓi ƙasa, har aka fara fitar da waken zuwa waje a 1947. Shekaru masu yawa Malayan kaɗai ake shukawa. Yana da halaye biyu da suka sa ya zauna: saiwarsa tana yin ƙulli da kanta a cikin ƙasarmu ba tare da an zuba mata komai ba, kuma ƙwayarsa tana jure ajiya daga kaka zuwa shuka ta gaba. Amma amfaninsa kaɗan ne, yana daɗewa bai nuna ba, yana kwantawa in ya yi tsawo, kuma da iska ta bushe kwansonsa ya fara fashewa yana watsar da ƙwaya a ƙasa. Manomi ya san abin da zai samu kowace shekara, sai dai abin da zai samun ba ya kai shi ko'ina.

Abu mafi sauƙi a ido shi ne a ɗauko irin Amurka, inda hekta take ba da ninkin-ba-ninkin abin da take bayarwa a nan. An ɗauko, kuma abin da ya faru da shi shi ne darasin farko ga duk mai son fahimtar wannan aiki.

Waken suya yana auna tsawon yini da dare kafin ya yi fure. Masana biyu na ma'aikatar gona ta Amurka, Garner da Allard, su suka bayyana wannan a 1920, kuma waken suya yana cikin tsirran da suka yi gwajin da su. A jihar Illinois, a watan Yuni, yini yana kaiwa wajen awa 15. Irin da aka yi wa can yakan yi ta girma cikin dogon yini, yana tara ganye da rassa, sai dare ya fara tsawo sannan ya yi fure. A Gawu kuwa, inda muke kusan daraja 9 arewa da tsakiyar duniya, yini mafi tsawo a shekara bai wuce awa 12 da rabi da 'yan mintoci ba. Irin Illinois yana tsirowa a nan sai ya ji kamar kaka ta yi, ya yi fure tun bai kai gwiwa ba, ya ɗaure 'yan kwanso kusa da ƙasa, ya gama. Amurkawa da kansu sun raba irinsu rukuni-rukuni bisa nisan wuri daga arewa zuwa kudu saboda wannan dalili. Ko irin kudancinsu, kamar Bossier da Jupiter, waɗanda suka fi kusa da yanayinmu, sun zo da wasu matsaloli biyu. Saiwarsu ba ta yarda da ƙwayoyin bakteriyar da ke cikin ƙasarmu, sai wata ta musamman da dole a shafa wa iri kafin shuka, kuma a wancan lokacin babu hanyar kai ta ƙauye da ranta cikin zafi. Sannan ƙwayarsu tana mutuwa a rumbu. Manomi zai ajiye iri mai kyau a ido a watan Nuwamba, ya shuka a Yuni, ya ga kunya rabinta babu tsiro.

A shekarun 1970 ne cibiyar IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, ta fara aikin kyautata waken suya, kuma masananta, irin su Eric Kueneman da Kenton Dashiell bayansa, suka yanke shawarar da har yau muke cin moriyarta. Maimakon a tilasta wa manomi ya canza ƙasarsa don ta dace da iri, suka ce a canza irin. Suka aurar da irin Amurka mai yawan amfani da irin Asiya kamar Malayan da Orba, waɗanda suke ƙulla zumunci da bakteriyar da waken gida ya saba da ita. 'Ya'yan wannan aure su ne irin da sunansu yake farawa da TGx. Duk wanda ya tumɓuke tushe ɗaya a gonarsa ya ga ƙulli-ƙulli a saiwa, ya fasa ɗaya ya ga cikinsa jaja-jaja, to yana kallon amfanin wannan shawara ne: shukar tana jawo sinadarin naitirojin daga iska, wanda da sai an saye shi a buhun yuriya.

Ya kamata mai karatu ya san wahalar da ke cikin wannan aure. Furen waken suya ƙarami ne ƙwarai, kuma yana barbarar kansa tun kafin ya buɗe. Mai aikin yakan durƙusa da ɗan hantsaki, ya buɗe furen da bai isa ba, ya cire sashen namiji, ya ɗauko garin fure daga wata shukar ya shafa. Da yawa ba sa kamawa. Wanda ya kama, sai a shuka 'ya'yansa, a shuka jikoki, zuriya biyar ko shida, har halayensu su daina rarrabuwa. Daga aure ɗaya ana iya samun layi ɗaruruwa, kuma kusan duka za a zubar da su. Daga ranar da aka shafa garin fure zuwa ranar da iri zai sami suna a hukumance, shekara takwas zuwa goma ba abin mamaki ba ne.

Inda aikin ya fi wuya shi ne zaɓe. Da a ce irin da ya zo na ɗaya a Ibadan shi ne zai zo na ɗaya a Mokwa da Samaru, da gona ɗaya ta isa. Amma ba haka waken suya yake ba. Ka jera iri ashirin a wurare huɗu, za ka ga jerin gwanaye ya hautsine daga wuri zuwa wuri, kuma a wuri guda ma ya hautsine daga bana zuwa baɗi. Halin da iri ya gada da yanayin da ya tsinci kansa a ciki suna cuɗanya, kuma sakamakon cuɗanyar ba ya bin lissafin tara-da-tara. Duba bambancin da ke tsakanin Kano da Gawu. A Kano damina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, irin da yake buƙatar kwana 120 ruwa zai ɗauke ya bar shi da kwanso babu ƙwaya. A can mai saurin nuna, na wajen kwana 90, shi ne abokin tafiya. Kawo wannan mai saurin Gawu, inda ruwa yake farawa tun Afrilu ya kai Oktoba, ka shuka shi da wuri: zai nuna a tsakiyar marka, kwanso ya jiƙe ya ƙi bushewa, ƙwaya ta yi baƙi ta yi fumfuna tun tana tsaye. Iri ɗaya ne, kuma babu laifin da ya yi. A cikin Gurara kanta ma, gonar tudu mai tsakuwa da marmara daban take da gonar gefen fadama, kuma 'yan kwanakin da ruwa yakan ɗauke a tsakiyar damina suna iya faɗowa daidai lokacin furen wani iri, su tsallake wani.

Bari mu ɗauki misali, lissafi ne kawai don a gane. A ce iri na farko yana ba da buhu 28 a hekta in damina ta yi kyau, in ta ɓaci ya ba da 6. Na biyu yana ba da 20 a shekara mai kyau, 14 a mara kyau. A takarda duk ɗaya ne, kowanne buhu 17 a matsakaici. A gida kuwa ba ɗaya ba ne ko kusa. Magidancin da ya ci bashin taki da maganin ciyawa, wanda kuɗin makarantar yara yake jiran kaka, shekarar buhu 6 tana iya sa shi sayar da akuyar matarsa ko ya jinginar da gona, kuma buhu 28 na baɗi ba zai dawo masa da abin da ya fita ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ni a ganina duk wanda yake zaɓen iri don ƙaramin manomi, shekarar da ta ɓaci ita ya kamata ya fara dubawa, kafin ya yi murna da adadin shekara mai albarka.

Masana sun daɗe suna neman hanyar auna wannan hali da lamba. A 1963 Finlay da Wilkinson, suna aiki kan sha'ir a Ostireliya, suka kawo dabara mai sauƙin fahimta. A ɗauki matsakaicin amfanin dukan irin da aka shuka a wuri guda, wannan ya zama makin wurin. Sai a jera wuraren daga mafi talauci zuwa mafi albarka, a bi kowane iri a ga yadda yake hawa. Wani yana tashi da sauri in wuri ya yi kyau, ya faɗi warwas in ya ɓaci. Wani ba ya motsi sosai ko ina aka kai shi. A 1966 Eberhart da Russell, masu aikin masara a Amurka, suka ƙara wani ma'auni: ban da yadda iri yake hawa, a duba ko yana bin hanyarsa ko yana tsalle-tsalle ba zato ba tsammani. Yau kwamfuta tana zana wannan duka a hoto ɗaya, ta nuna wane iri ya ci a wane rukunin wurare, da wuraren gwajin da suke maimaita juna ba tare da sun ƙara sani ba.

Akwai tarko a nan da ya kamata a faɗa. Irin da ba ya motsi ko kaɗan sau da yawa ragon iri ne. Malayan ma ai tsayayye ne, tsayayye a ƙasa. Abin da ake nema shi ne wanda zai riƙe mutuncinsa a mummunar shekara, kuma in aka ba shi taki da ruwa ya nuna godiya. Irin wannan ba shi da yawa, shi ya sa ake zubar da ɗaruruwa kafin a sami ɗaya.

Tsayuwar amfani kuma takan dogara ne da abubuwan da ba a gani a ranar awo. Ɗauki fashewar kwanso. Lokacin da waken suya yake nuna a ƙasar Gurara shi ne lokacin da aiki ya yi wa manomi yawa, ga shinkafa, ga masara, ga sauran amfani duk suna jiran hannu. Ba kowa ne zai yanke waken ranar da ya bushe ba. In iskar hunturu ta riske shi a tsaye, mai tafiya a gefen gona da rana yakan ji ƙarar kwanso yana fashewa. A gonar bincike, inda ma'aikata suke girbi a kan kari, wannan asara ba ta shiga littafi. Shi ya sa tambayar farko da manomi yakan yi wa malamin gona ita ce, "Malam, wannan yana fashewa?" Kuma shi ya sa TGx 1448-2E, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, ya yi farin jini har ya zama kamar shi ne waken suya a yankuna da yawa na Arewa. Yana ɗaukar wajen wata huɗu, yana tara ganye da kara, kuma yana haƙuri a gona bayan ya bushe. Yana kuma cikin irin da suke rage wuta-wuta: saiwarsa tana yaudarar ƙwayar wannan muguwar ciyawa ta tsiro, ta rasa abin da za ta kama ta mutu, masarar baɗi ta sami sauƙi.

Sai tsatsa ta zo. An fara ganin wannan cuta a gonakin waken suya na Najeriya a 1999. Iska ce take ɗauke da ita, tana son danshi da raɓa, tana farawa da ɗige-ɗige masu launin ƙasa a bayan ganye, ganyen ya yi rawaya ya kakkaɓe tun ƙwaya ba ta cika ba. TGx 1448-2E ba ya jure ta. Irin da aka sani da riƙon amana ya zama mai rauni a shekarar da tsatsa ta yi ƙarfi, musamman a wurare masu laima irin namu. Wannan ya nuna cewa ba a gama aikin iri. Yanayin da aka gwada shi a ciki jiya ya canza, dole a koma gona. A 2008 aka fitar da TGx 1835-10E, mai saurin nuna kuma mai jure tsatsa. A 2010 TGx 1987-10F da TGx 1987-62F suka biyo baya, a 2014 kuma aka ƙara wasu, ciki har da TGx 1988-5F da TGx 1989-19F.

Abin da ya kamata ya faranta wa mutumin Gawu rai shi ne wannan aiki a ƙofar gidansa ake yin sa. Daga Lambata, in ka karya ka bi hanyar Lapai da Agaie, kafin ka shiga Bida za ka iske Badeggi, inda Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa take. Ita aka ɗora wa alhakin kyautata irin waken suya a Najeriya, kuma tare da IITA take gwada sababbin layuka a wurare daban-daban, da gonakin manoma, kafin kwamitin ƙasa mai rajistar iri ya amince da su. Mokwa, ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren gwajin waken suya, ita ma a Jihar Neja take. Ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Minna da tsangayar aikin gonarta. Jihohi kaɗan ne suke da wannan gata.

Wanda yake shakkar abin da aikin iri zai iya yi, ya dubi Barazil. A da waken suya na kudancin ƙasar ne kawai, inda yanayi ya yi kama da na kudancin Amurka. Cibiyar Embrapa ta buɗe sashen waken suya a Londrina a 1975, masananta irin su Romeu Kiihl suka shigar da halin jinkirin fure cikin irinsu, ta yadda shuka za ta yi girma tukuna ko da yini gajere ne. Da wannan, da gyaran ƙasa mai tsami, waken ya shiga dajin Cerrado mai kama da namu a ruwa da rana, har Barazil ta wuce Amurka ta zama ta ɗaya a duniya. Su suna samun fiye da tan 3 a hekta. Mu har yanzu muna wajen tan 1, alhali irin da muke da su a hannu suna iya ba da tan 2 ko fiye.

Wannan giɓi ba duka laifin iri ba ne, kuma ba zan ɓoye wa mai karatu haka ba. Ƙasar savanna tamu tana da ƙarancin fosfaras, kuma babu irin da zai yi ƙulli mai kyau in ba a ba shi takin supa ba. Gwaje-gwajen shirin N2Africa, wanda ya yi aiki a jihohin Arewa har da Neja, sun nuna cewa ko irin TGx ma sukan ƙara amfani in aka shafa musu bakteriya mai kyau, kuma IITA tana yin garin irin wannan bakteriya da sunan NoduMax. Shuka jefi-jefi ma tana cinye amfani: waken suya yana son a cika shi, layi kusa da layi, don ya rufe ƙasa ya danne ciyawa. Shuka a makare, bayan farkon Yuli ya wuce, tana rage masa kwanakin girma komai kyawunsa.

Amma abin da ya fi damuna shi ne yadda wahalar shekara goma take ɓacewa a cikin mudu. Yawancin manoma a kasuwa suke sayen abin shuka, daga buhun da aka tara daga gonaki goma. Ba shi da suna, ba a san shekarunsa ba. A cikin kunya ɗaya za ka ga wani ya bushe yana fashewa, wani yana kore shar. In ka yanke da wuri ka yi asara, in ka jira ka yi asara. Duk lissafin Finlay da Wilkinson, duk durƙuson mai hantsaki, ba su isa wannan gona ba. Abin takaicin kuma, waken suya ba kamar masarar aure ba ne da dole a sabunta kowace shekara. Tunda yana barbarar kansa, wanda ya sami iri tsantsa sau ɗaya zai iya riƙe shi shekara biyu ko uku, in ya ware gonar iri, ya tumɓuke baƙin da suka fito daban, ya busar da shi sosai, ya ajiye a wuri mai sanyi nesa da danshi. Kafin shuka ya ƙirga ƙwaya 100 ya binne a jiƙaƙƙen yashi, bayan mako ya ƙirga abin da ya tsiro, ya san ko zai ƙara yawan iri ko zai nemi wani.

Haka kuma ina ganin wuraren gwajinmu sun yi kaɗan, kuma sun cika zama masu gata. Gonar cibiya tana samun taki a kan lokaci, ana nome ta a kan lokaci, ana girbe ta a kan lokaci. Hukuncin da aka yanke a can gaskiya ne, amma gaskiyar can ce. Kafin a ce iri tsayayye ne ga Gurara, ya kamata a gan shi a tudun Gawu da gefen fadamar Izom, a hannun mutumin da ba zai sami leburori ba sai bayan ya gama da shinkafa. Kuma a tambayi matan da suke yin awara da daddawa da kunu, domin su ne suka san irin da yake ba da madara mai kauri da wanda ƙwayarsa take wahalar gyara. Irin da mai awara ta ƙi, ko ya cika rumbu, farashinsa a kasuwar gari zai gaya maka.

Wannan gwaji bai fi ƙarfin ƙungiyar manoma ba. Ku nemi iri uku ko huɗu masu suna, ta hannun malamin gona ko daga Badeggi ko wurin dillalin da yake sayar da iri mai shaidar hukumar iri ta ƙasa. Ku shuka su gefe da gefe, rana ɗaya, da taki iri ɗaya, a gonakin mutum biyar ko shida da ƙasarsu ta bambanta, kada ku zaɓi gonaki masu kyau kaɗai. Ku rubuta ranar fure da ranar nuna, ku bar layi ɗaya a tsaye mako biyu bayan ya bushe ku ga wanda zai fashe, ku auna kowanne daban. Kada ku yanke hukunci da damina ɗaya, ku maimaita a ta biyu da ta uku. Wanda bai taɓa faɗuwa ƙasa ba a cikin waɗannan gonaki, shi za ku yawaita ku raba wa juna, ku kuma aika wa masu bincike sakamakon, domin suna buƙatarsa kamar yadda kuke buƙatar irinsu.